Wa Ya Ba Dillali Ikon Cewa Albarka?



Duk wanda ya taɓa kai dabba kara ya san ƙa'idar wurin. Dillali ne zai tsaya a tsakani, shi zai ji tayi, shi zai ja mai saye har ya ƙara. Amma idan aka zo gaɓar cewa "albarka" ko "an sallama", sai ya waiwayo ya dubi mai dabba, don shi ke da magana ta ƙarshe. Yanzu a ce ka kai sanka, an taya shi da kuɗin da ba ka taɓa zato ba, sai dillalin ya ce albarka ba tare da ya dube ka ba. Ka yi magana, ya ce ka yi shiru, shi ya fi ka sanin darajar sanka. Daga baya ka gano cewa muddin san yana hannunsa, kullum akwai abin da ake ba shi na kiwo, ranar da aka sayar kuwa abincinsa ya ƙare. Me za ka kira wannan mutumin?

Wannan shi ne abin da ake yi a manyan kamfanonin Amurka fiye da shekara arba'in, an kuma yi masa riga da wando na doka, ana kiransa kare kamfani daga masu son ƙwace shi. Ni dai matsayina a fili yake: yawancin wannan kariya kujerar shugabanni take karewa, kuma daga aljihun masu hannun jari ake biyan kuɗinta. Zan kawo hujjojina, zan kuma kawo na waɗanda ke ganin akasin haka, don suna da maganganu masu nauyi da bai kamata a tsallake ba.

Bari mu fara da yadda abin yake. Kamfanin da ke kasuwar hannun jari na dubban mutane ne, wani lokaci miliyoyi. Ba za su iya taruwa su tafiyar da shi ba, sai su zaɓi hukumar daraktoci, ita kuma ta naɗa shugaba da manyan manajoji. Idan wani attajiri ko wani kamfani ya ga cewa zai fi waɗannan iya juya dukiyar, sai ya taya hannun jarin kowa da kuɗin da ya fi na kasuwa. Idan daraktoci sun yarda, shi ke nan. Idan sun ƙi, zai iya tsallake su ya je wurin masu dukiyar kai tsaye ya ce ku sayar mini. Kowa ya san abin da ke biyo baya idan ya yi nasara: tsofaffin shugabanni za su kwashe kayansu. Don haka mutumin da ake tambaya ko tayin ya yi, shi ne mutumin da zai rasa aikinsa idan ya ce ya yi. A nan matsalar take.

A 1982 wani lauya a New York mai suna Martin Lipton ya ƙirƙiro dabarar da aka yi wa laƙabi da ƙwayar guba. Ga yadda take aiki. A ce kamfani yana da hannun jari 100. Daraktoci za su zauna su kaɗai, ba tare da ƙuri'ar kowa ba, su ce duk ranar da wani ya mallaki 15 ba da izininsu ba, sauran masu 85 za su sami damar sayen sababbin hannayen jari a rabin farashi, ban da shi. Idan kowannensu ya sayi ɗaya, jimilla ta koma 185, shi kuma 15 ɗinsa da ya zuba kuɗi ya saya ta koma kusan kashi 8 cikin ɗari. Babu mai hankalin da zai haɗiyi wannan. A 1985 kotun ƙoli ta jihar Delaware, inda fiye da rabin manyan kamfanonin Amurka suka yi rajista, ta halatta dabarar a shari'ar Moran da kamfanin Household International. Daga ranar, ƙofar da mai saye ke bi ya isa ga masu hannun jari ta koma hannun daraktoci, makullin yana aljihunsu.

Wani zai ce ai da sauƙi, sai a tsige daraktocin a zaɓe, sababbi su cire ƙwayar. Sun riga ka tunani. Dabara ta biyu ita ce a kasa hukumar gida uku, kowace shekara kashi ɗaya kawai ake zaɓa. Mai son rinjaye sai ya ci zaɓe biyu a jere, wato ya bar tayinsa na biliyoyin dala a buɗe fiye da shekara guda, kasuwa tana hawa tana sauka. Malamai uku, Lucian Bebchuk da John Coates da Guhan Subramanian, sun bi diddigin irin waɗannan tayi daga 1996 zuwa 2000, suka wallafa sakamakon a 2002. A cikin waɗanda suka duba, babu mai saye ko ɗaya da ya iya cin zaɓen nan biyu a kan hukumar da aka kasa ta haka da kyau. Sun kuma ƙiyasta cewa masu hannun jarin irin waɗannan kamfanoni sun yi asarar kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari idan aka gwada su da takwarorinsu.

Akwai wadda ta fi waɗannan rashin kunya. A 1984 wani ɗan kasuwa, Saul Steinberg, ya tara kusan kashi 11 cikin ɗari na kamfanin Walt Disney. Shugabannin suka ɗebi kuɗin kamfani, kimanin dala miliyan 325, suka saye hannun jarinsa a farashin da ya fi na kasuwa don ya tafi ya ba su wuri. Sauran masu hannun jari ba a yi musu wannan tayin ba, sai ma darajar abin da ke hannunsu ta faɗi nan take. An ɗebi kuɗinka an sallami wanda ya zo zai ba ka riba, don wani ya ci gaba da zama a ofis. Abin dariyar shi ne ko wata huɗu ba a yi ba aka sauke shugaban, aka kawo Michael Eisner. Irin wannan toshiyar baki ta yi yawa har a 1987 majalisar Amurka ta ɗora wa ribarta harajin kashi 50 cikin ɗari.

Mu zo ga labarin da ya kamata duk mai sha'awar harkar nan ya riƙe. Ranar 1 ga Fabrairu 2008 Microsoft ya taya Yahoo a kan dala 31 kowane hannun jari, jimilla dala biliyan 44.6. Kwana ɗaya kafin nan ana sayar da shi dala 19.18, wato an ƙara kashi 62 cikin ɗari a kai. Hukumar daraktoci da shugaban kamfanin, Jerry Yang, wanda yana cikin mutum biyun da suka kafa shi, suka ce albarka, tayin ya yi kaɗan. Da ma suna da ƙwayar guba a ajiye. Sai suka ƙara da wani tsari na biyan ma'aikata kuɗin sallama mai tsoka idan kamfani ya canja hannu, wanda zai sa sayensa ya ƙara tsada. Microsoft ya hau zuwa dala 33, suka ce sai 37. A farkon Mayu Microsoft ya janye. Kafin ƙarshen Nuwamba na shekarar, hannun jarin Yahoo ya faɗi ƙasa da dala 10, Yang kuma ya sanar da cewa zai sauka. A 2017 Verizon ya sayi ainihin harkar intanet ɗin Yahoo a kan kimanin dala biliyan 4.5.

Don adalci, rikicin tattalin arziki na 2008 ya taɓa kowa, kuma kason da Yahoo ke da shi a Alibaba ya yi daraja sosai daga baya, wanda ya haƙura shekaru masu yawa ya ga wani abu. Amma tsohon da ya zuba kuɗin fanshonsa, wanda aka miƙo wa dala 33 a Mayu ya wayi gari da ƙasa da 10 a Nuwamba, wa ya tambaye shi ko yana da shekarun jira? Babu. An yanke masa hukunci, an ce don amfaninsa ne.

Kada a ce labari ɗaya na ɗauko na yi ta kaɗawa. A 2003 Paul Gompers da Joy Ishii da Andrew Metrick sun duba kamfanoni kusan 1,500 a shekarun 1990, suka lissafa ƙa'idoji 24 da ke rage ko ƙara ikon masu hannun jari. Suka gano cewa da mutum ya sayi kamfanonin da masu dukiya ke da iko, ya rabu da waɗanda shugabanni suka kewaye kansu da katanga, da ya sami ƙarin riba ta kashi 8.5 cikin ɗari a shekara. Daga baya Bebchuk da Alma Cohen da Allen Ferrell suka tace 24 ɗin, suka nuna cewa shida ne ke ɗauke da yawancin ɓarnar, cikinsu har da ƙwayar guba, da hukumar da aka kasa uku, da kuɗin sallama na alfarma da ake yi wa shugabanni alkawari. Wani bincike na baya ya nuna cewa wannan ƙarin ribar ta ɓace bayan shekara ta 2000, domin masu zuba jari sun farga, sun fara rage wa kamfani mai katanga farashi tun daga farko. Wannan ai ƙarin hujja ce a gare ni: kasuwa da kanta ta koyi cewa katanga aibi ce, tana cire kuɗinta kamar yadda ake rage kuɗin dabba mai ɗingishi.

Dalilin ba boyayye ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai neman ƙwace kamfani yana farautar wanda darajarsa ta faɗi ƙasa da abin da ya kamata, kuma sau da yawa rashin iya shugabanci ne ya kayar da ita. Tsoron cewa wani zai zo ya taya shi ne bulalar da ke hana shugaba barci, ta hana shi sayen jirgin sama da kuɗin jama'a, ta hana shi riƙe reshen da ke cin asara don kawai girman suna. Ka ɗauke bulalar, ka ga abin da zai faru.

Yanzu ga maganar ɗaya ɓangaren, kuma zan faɗe ta da ƙarfinta. Hujjarsu ta farko sunanta Airgas. A Fabrairun 2010 kamfanin Air Products ya taya Airgas, mai sayar da iskar gas ta masana'antu da asibitoci, a kan dala 60. Daraktoci suka ƙi. Aka yi ta ja har tayin ya kai dala 70 a Disamba. Air Products ya ci zaɓen farko ya shigar da mutanensa uku cikin hukumar, sai ga shi mutanen nan uku sun duba takardu sun koma bayan tsofaffin daraktoci, suka ce lallai 70 ta yi kaɗan. A Fabrairun 2011 alƙali William Chandler ya bar ƙwayar gubar a wurinta, Air Products ya haƙura. A ƙarshen 2015 kamfanin Air Liquide na Faransa ya amince ya sayi Airgas a kan dala 143. Ko an cire hawan da kasuwa gaba ɗaya ta yi a waɗannan shekaru, wanda ya riƙe hannun jarinsa ya ci riba. Na yarda, a nan dillali ya yi gaskiya.

Sai dai ku lura da abu biyu. Shi kansa alƙalin ya nuna a hukuncinsa cewa a ra'ayinsa ƙwayar ta riga ta gama aikinta, masu hannun jari sun ji duk bayanin da suke buƙata, hukuncin kotun sama ne ya ɗaure masa hannu. Na biyu, idan hujjar daraktoci ta kai ta juya mutum uku da abokin hamayya ya turo, me ya hana a shimfiɗa ta gaban masu dukiya a bar su su zaɓa? Za a ce ai a lokacin kusan rabin hannun jarin ya koma hannun 'yan ci-da-wuri, waɗanda suka saya don su sayar gobe. To daga hannun wa suka saya? Daga hannun tsofaffin masu jari da suka ga farashi ya hau suka ce mu dai ya ishe mu. Wannan ma ƙuri'a ce, da kuɗi aka kaɗa ta. Kuma idan za mu ba daraktoci iko saboda Airgas, wa zai biya mutanen Yahoo? A ranar da ake yanke shawarar babu wanda ya san ko Airgas ce ko Yahoo. Tunda kowa hasashe yake yi, wanda zai ɗauki asarar shi ya fi cancanta ya yi hasashen.

Hujjarsu ta biyu ita ce ƙwayar guba tana ba daraktoci ƙarfin ciniki. Akwai gaskiya a ciki. Binciken Robert Comment da William Schwert na 1995 ya nuna cewa kamfanoni masu ƙwayar sukan sami farashi mafi tsoka idan an sayar da su. Ni ma ba na faɗa da dillalin da ya ce wa mai saye dakata, bari in ji ko akwai wanda zai fi ka. Aikinsa ke nan. Dubi Twitter. Ranar 14 ga Afrilu 2022 aka bayyana tayin Elon Musk na dala 54.20. Washegari daraktoci suka kafa ƙwayar guba a kan kashi 15 cikin ɗari, mai wa'adin shekara guda. Bayan kwana goma, da suka ga ya nuna inda kuɗin zai fito kuma babu wanda ya fi shi tayi, suka amince a kan dala biliyan 44. Da kasuwa ta faɗi ya nemi zamewa a Yuli, suka maka shi a kotun Delaware. Masu hannun jari suka kaɗa ƙuri'ar amincewa a Satumba, aka kammala a ƙarshen Oktoba a kan farashin farko. Ƙwayar ba ta ƙara ko sisi ba, amma ta sayi lokaci, sannan aka mayar da magana ga masu ita. Wannan ban da ja a kansa. Abin da nake yaƙa da shi shi ne katangar da ba ta da wa'adi, wadda masu gida ba su iya rushewa.

Hujja ta uku ita ce ta fi taɓa zuciya: ma'aikata fa? Garin da masana'anta take fa? Twitter ɗin nan, mako guda bayan sayensa aka sallami kusan rabin ma'aikata. Ga kuma Cadbury, wanda duk mai shan Bournvita ko tsotsar TomTom ya san sunansa. A Ingila doka ta bambanta da ta Amurka, domin ƙa'idar sayen kamfanoni ta Landan, wadda ta fara aiki a 1968, ta hana daraktoci ɗaukar matakin da zai daƙile tayi sai da izinin masu hannun jari. Da Kraft na Amurka ya zo a 2009, daraktocin Cadbury baki kawai gare su. Suka yi amfani da shi, suka ja har farashi ya hau, aka daidaita a farkon 2010 a kan kimanin fam biliyan 11.5. Kraft ya ce yana ganin zai iya barin masana'antar Somerdale da ke kusa da Bristol a buɗe. Kwanaki kaɗan bayan ya karɓi kamfanin ya sanar da cewa za a rufe ta, mutane kusan 400 suka rasa aiki. Wannan cin amana ne, babu wata kwana.

Amma ku dubi maganin da Ingila ta nema. Hukumar da ke kula da harkar ta tsawata wa Kraft a bainar jama'a. A 2011 aka gyara ƙa'ida, aka ce mai neman saye yana da kwana 28 ya fito da tayi na gaske ko ya ja da baya, aka kuma tsaurara a kan abin da yake faɗa game da ma'aikata da masana'antu. Ba a miƙa wa daraktoci ƙwayar guba ba. Kuma daidai ne, domin Cadbury da kansa ne ya fara shirin rufe Somerdale tun 2007, ya mayar da aikin Poland. Shugabannin da ake cewa a ba su katanga don su kare leburori, su ne ke sallamar leburori idan lissafi ya buƙata. Ranar da kamfani ya canja hannu kuma, su ne ke sauka da lemar zinare, lebura ya tafi da albashin 'yan watanni. Wanda ke son kare ma'aikaci ya rubuta dokar ma'aikaci: kuɗin sallama, fansho, alkawarin da kotu za ta iya tilastawa. Fakewa da talaka don a tsare kujerar mai gida tsohuwar dabara ce, mun san ta a wurare da yawa.

Akwai masana irin su Martijn Cremers da Simone Sepe da suka nuna cewa a kamfanonin da ke dogon bincike da ƙirƙira, hukumar da aka kasa uku tana iya ƙara daraja, don tana ba su natsuwar yin aikin shekaru. To madalla. Idan haka ne, a kai maganar gaban masu hannun jari su amince, a sa mata wa'adi, in ya cika a sake tambayarsu. Katangar da ke da amfani ba ta tsoron ƙuri'a. Kuma inda aka tambaye su, mun ga amsarsu: a shekara ta 2000 fiye da rabin manyan kamfanoni 500 na Amurka suna da irin wannan hukuma, yau 'yan kaɗan ne suka rage, domin masu jari sun yi ta kaɗa ƙuri'ar rushe ta shekara bayan shekara.

Sai dai kada mu yi murna da wuri, don dabarar ta sake riga. Yanzu tun ranar shiga kasuwa ake gina katangar, ta hanyar kasa hannun jari iri biyu. A kamfanin da ya mallaki Facebook, hannun jarin da Mark Zuckerberg ke riƙe da shi yana da ƙuri'a goma, na sauran jama'a ɗaya, don haka shi kaɗai ke da rinjaye duk da cewa kasonsa na dukiyar bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Snap kuwa a 2017 ya sayar wa jama'a hannun jarin da ba shi da ƙuri'a ko ɗaya. Aƙalla a nan mai saye ya san abin da ya saya tun farko, ba a tsakiyar dare aka canja masa ƙa'ida ba. Amma tambayar tana nan: ranar da gwanin ya tsufa, ko ya ɓata hanya, ko ya bar wa magada, wa zai ce masa ya isa?

Wani zai ce ina ruwanmu da rigimar attajiran Amurka. Mai hannun jari ba lallai attajiri ba ne. Duk ma'aikacin da ake cire wa kuɗin fansho a Najeriya, ana zuba wani kaso na kuɗin a hannun jari. Da yawa daga iyayenmu sun sayi na bankuna a tsakanin 2004 da 2008, takardun suna nan a ƙasan akwati. Duk inda aka raba mai dukiya da mai juya ta, tambayar nan za ta taso, ko a Delaware ko a kantin da ka bar wa yaro.

Ga ma'aunin da nake ba da shawara a riƙe. Idan ka ji shugabannin kamfani sun ce sun kafa kariya don amfanin masu hannun jari, yi musu tambaya uku. Yaushe za ta ƙare? Masu hannun jari za su iya cire ta a zaɓe guda? Nawa ku za ku rasa idan aka sayar, nawa kuma za ku samu? Wanda ya amsa ukun nan ba tare da kame-kame ba, wakili ne, a bar shi ya yi ciniki. Wanda ya fara dogon Turanci a kan makomar kamfani da hangen nesa, ka riƙe igiyar sanka da kyau.

Na san a cikinmu akwai waɗanda suka karanci shari'a da harkar kuɗi, kuma na san wasu za su tsaya wa Airgas. Bismillah, fili naku ne. Abu ɗaya nake roƙo: duk wanda zai kare daraktoci, ya fara gaya mini abin da zai faɗa wa mutumin da aka hana dala 33.

Allah Ya sa mu dace.